Yatsan Birki

Wannan babin na Sani ne, amma ina so duk ku karanta, don a gabanku aka yi abin, kuma abin da kuka gani ba shi ne duka ba. Shekara uku ke nan ana cewa a gidan nan yayarku Uwani ce ta raba ni da motata, ta zaunar da ni gaban talabijin da abin wasan yara a hannu, har direbobin tasha suka mai da ni abin dariya. Na ji ana faɗa da kunnena, ban musa ba. Shirun nan nawa ya yi ɓarna. Innarku ta ce in har na gama rubuta labarin rijiyoyi da raƙuma da masu tsaron hanya na tsallake wannan, to ita ba ruwanta da littafin, kada ma a karanta mata. To ga shi nan, yadda ya faru.

Kun riga kun san yadda na baro Damagaram ina saurayi, na yi shekara talatin da 'yan kai ina tuƙi daga Sabha zuwa Gatrun, zuwa Dirku, har Agadas, in kai dabino da taliya da barguna, in dawo da mutane. Abu biyu kawai zan tuna muku, don in ba su ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Na farko, direban rairayi ba ya son birki. In ka taka shi da ƙarfi sai tayar gaba ta nutse, ku sauko ku yi ta haƙa rana tana gasa ku. Ɗaga ƙafa ake yi daga totur, yashi da kansa ya riƙe motar. Na biyu, ba a wuce motar da ta tsaya. Ko ta wanda kuka yi faɗa jiya a tasha ce, sai ka tsaya, ka danna hon sau biyu, ka tambaye shi ruwa da mai. Ba a rubuta wannan doka a ko'ina ba, amma duk wanda ya karya ta, babu mai sake zama shan shayi da shi.

Ciwon ya same ni da hantsi, ina zaune a ƙofar gida nan unguwar Mahdiya a Sabha, kwana biyu da dawowa daga hanya. Kofin shayi ya suɓuce daga hannuna na hagu, na sunkuya in ɗauka, sai na ji ƙasa ta taso ta same ni. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likitoci. Ina kwance a asibiti Uwani ta je gida ta cire makullin motar, wanda muke kira lakile, daga ƙusar bayan ƙofa ta jefa a jakarta, ta sa aka rufe motar da tamfol. Ita ce babbarku, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kiransa. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma taurin kai nawa ta ɗauko, ba ta rage ko kaɗan ba. Kai kuwa Sani, a lokacin kana tuƙa motar wani ɗan kasuwa, sati uku a hanya, kwana huɗu a gida, don haka rabin abin nan a bakin mutane ka ji shi.

Cikin wata uku bakina ya miƙe, ƙafa ta dawo har ina zuwa masallaci ba sanda. Hannun ne ya ƙi. Babban yatsa yana motsi da kyar, ƙananan ukun suna ɗan lanƙwasawa, manuni kuwa ya ƙafe kamar busasshen dabino. Uwani ta kawo min ƙwallon roba in riƙa matsawa, na jefa wa kaji. Ta kawo wake a kwano in riƙa tsinta, na ce ni ba ɓera ba ne. Gaskiya na wahalar da gidan nan a watannin nan. Kowa ya gaishe ni sai na nemi abin faɗa a cikin gaisuwar. Kullum da safe sai in fita in ɗaga tamfol in kalli motar, in dawo in sauke haushina a kan Innarku, wadda ba ta yi min laifin komai ba. Tsoro nake ji, ban san yadda ake faɗarsa ba. Tun da na san kaina ni direba ne, in aka cire wannan ban san sunan abin da ya rage ba.

Wata rana bayan azahar sai ga Uwani da kwali a hannu. Ta fito da wani baƙin akwati da ta sayo na hannu a kasuwa, da wani abu mai ƙahoni biyu da maɓallai birjik, wanda mutanenmu ke kira manet. Ta ɗora min shi a cinya.

"Baba, ka san yadda Larabawa ke kiran wannan? Yad. Hannu ke nan. Kullum kana cewa ka rasa hannu, ga wani na kawo maka."

"Ni za ki kawo wa wasan yara? Ina lakilen motata?"

"Yana jakata. Ranar da yatsan nan ya danna wani abu da kansa, ba tare da ka kama shi da ɗayan hannun ba, ni da kaina zan ajiye maka lakilen a faranti."

Na ce ta kwashe kayanta. Ba ta kwashe ba. Innarku ta rufe akwatin da mayafi, ya kwana uku a kan tebur muna hararar juna ni da shi.

Wanda ya yaye mayafin Nura ne, Bakanon nan mai walda da ya yi haya a gidan maƙwabta, magidanci mai 'ya'ya uku a gida. Ya shigo duba ni, ya ga wayoyi sun leƙo, sai ya hau murna kamar ya ga ɗan garinsu. Kan in hana shi ya haɗa komai da talabijin, ya sa wasan tseren motoci, ba na kwalta ba, na daji, mai tabo da duwatsu da rairayi. Na juya kai gefe, amma kunnena yana jin kukan injin. Da na waiwaya sai na ga motarsa ta hau tudun yashi a karkace, bayanta yana zamewa, daidai yadda ta gaske ke yi. Na ce masa duk wanda ya zana yashin nan ya taɓa haƙa taya a cikinsa. Sannan na ce masa ba haka ake hawa tudu ba, ya ba ni nan. Haka aka kama ni, kamar wasa.

Tsarin manet ɗin shi ne, babban yatsan hagu yana juya sitiyari, manunin dama yana ba da wuta, manunin hagu kuma shi ne birki. Wato mataccen yatsana shi aka ba wa birki. Nura ya shiga cikin akwatin ya mayar min da shi wani maɓalli ƙarƙashin babban yatsan dama. Da Uwani ta gano ta ce an yi mata maguɗi, amma ta ƙyale, tun da ta ga babban yatsan hagu yana aiki awa biyu a rana ba wanda ya roƙe shi. Ni kuwa ko a jikina, tun da birkin ma ba taɓa shi nake yi ba.

Na tsara wa kaina lokaci kamar mai zuwa aiki. Bayan shayin safe in yi awa ɗaya, ko har a ɗauke wuta. Bayan la'asar in Nura ya tashi daga walda mu yi tare. Innarku ta kafa doka, da an kira salla a ajiye, ko da kuwa saura taku ɗaya in kai ƙarshe. Ban taɓa fara tsere ban karanta addu'ar hawa abin hawa ba, bakina ne ke yi da kansa. In mota ta sha kwana sai in kwanta gefe da jikina, ƙafata ta dama tana danna tabarma har ta yi mata rami. Innarku takan wuce da kwanon wanke-wanke ta ce Allah ya kiyaye hanya, a gaishe mata da mutanen Agadas, kuma in taho mata da cuku. Watannin farko kullum ni ne na ƙarshe, don ina tuƙi a hankali, ina kauce wa ramuka. Nura ya gaji ya ce, Baba, babu fasinja fa a bayan nan, ba wanda zai faɗo. Na ce masa na sani, amma hannuna bai sani ba.

Shi ne kuma ya nuna min cewa abin ba a ɗakinmu ya tsaya ba. Ya buɗe wayarsa, sai ga wasu samari a wata ƙasa mai nisa, zaune a jere cikin babban zaure, jama'a maƙil suna kallonsu, ana watsa tserensu kai tsaye duniya tana gani, masu sharhi suna ta kwakwazo, wani da Larabci, wani da Faransanci. Na ce lallai duniya ta ƙoshi. Sati bai zagayo ba na sa ya haɗa min abin da talabijin. Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na raɗa musu nawa. Akwai Mai Gilashi, wanda ke da gudu amma ba shi da haƙuri. Akwai Gajere, mai fakewa a bayan mutane sai ƙarshe ya fito. Akwai kuma wata yarinya mai shuɗiyar mota wadda ba ta cika taɓa birki ba, ɗaga yatsa kawai take yi, na ce wannan ko an ƙi ko an so kakanta direban sahara ne. Ita nake goyon baya. In lokacin watsawar bai dace da ni ba sai in kalla washegari da safe, kuma na gargaɗi Nura cewa in ya kuskura ya faɗa min wanda ya ci, to ya daina shan shayin gidana.

Abin da ya fi ɗaure min kai a kallon nan shi ne maimaici. In wani ya yi kuskure sai su dawo da hoton baya, su tafiyar da shi a hankali kamar tafiyar hawainiya, mai sharhi ya ce, nan ya ga kwanar, nan fitilar birkinsa ta kama, ku dubi tazarar. Rabin sakan, wani lokaci bai ma kai ba. Da farko dariya nake yi, ina cewa mu da muke lissafin tafiya da kwanaki, waɗannan suna kuka a kan ƙiftawar ido. Amma a hankali idona ya saba. Na kai matsayin da kafin mai sharhi ya buɗe baki na riga na ce wa Nura, ya makara. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wata takwas da fara wasan, mai gidan gem ɗin da ke bayan layin makanikai ya shirya gasa ta unguwa. Balarabe ne mai fara'a, yana kirana Shibani, wato tsoho. Nura ya rubuta sunana bai tambaye ni ba. Innarku ta ce furfura a cikin samari ba tsari ba ne, me za ta ce wa matan unguwa. Uwani ta ce a bar ni in je, ai wata goma sha ɗaya rabona da wuce masallaci. Kai Sani kana Agadas. Ranar Juma'a bayan la'asar na sa farar riga da rawani na tafi, ina ta maza. Mai gidan ya kafa waya a kan sanda yana watsa abin kai tsaye kamar yadda manya ke yi. Dokarsa ita ce kowa ya yi amfani da manet ɗin gidan yadda yake, ba canje-canje. Nura ya sunkuyo ya raɗa min cewa birki ya koma hagu, yaya za mu yi. Na ce masa wa ya ce masa zan nemi birki, ai hanyar yashi ce.

Mu takwas muka tashi. Samarin nan suka fita kamar an kore su, kowace kwana sai su danne birki, mota ta juya da su. Ni kuwa ina ɗaga yatsa, ina barin yashi ya yi aikinsa, ina hawa tudu ta inda iska ta daddale shi. Na wuce ɗaya, na wuce biyu. Dariyar da ake yi a bayana ta fara raguwa, na ji wani yana cewa ku dubi Shibani. A zagaye na ƙarshe ni ne na biyu, Nura kaɗai ke gabana, kuma ina ganin ƙurarsa. Sai ya hau wani tudu da gudun da ya wuce kima. Motarsa ta tashi, ta faɗo a kan gefe, ta kife, tayoyi sama. Hanya ta buɗe min, saura kwana biyu in kai ƙarshe.

Ban yi tunani ba. Na dai ga motata ta tsaya cik a jikin tasa, na kuma ji hon sau biyu. Har na juya na dube shi a kujerarsa.

"Nura, lafiya?"

"Baba, wuce! Wuce mana, gem ne!"

Kan ya rufe baki wasan ya ɗaga motarsa ya dire ta a kan hanya garau, ko ƙwarzane babu, ya figa ya bar ni. Sauran shidan suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Ni na zo na ƙarshe. Gidan ya ɗauki dariya har wani yana dukan bango. Ba dariyar mugunta ba ce duka, mai gidan ma ya zo ya sumbaci kaina yana cewa bahi, ya Shibani, bahi, wato madalla. Amma kunya ta rufe ni, na lalubi takalmina na fito, ban jira Nura ba.

Na iso gida kafin magariba, na tarar da Uwani da Innarku a tsakar gida, waya a tsakaninsu. Ashe sun kalla. Na ɗaure fuska ina jiran zolaya, sai na ga idon Uwani ya yi ja.

"Baba, manet ɗin wa ka riƙe?"

"Na gidan."

"To da wane yatsa ka tsaya?"

Na dubi hannuna na hagu. Na ce wa manuni ya lanƙwasa, sai ya lanƙwasa, yana rawa, amma ya yi. Na sake, ya sake. Wata goma sha ɗaya ina roƙonsa, ina zaginsa, bai ji ba, sai da ya ga mota a kife. Uwani ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da farantin da muke zuba dabino, makullin motata a tsakiya. Na yi kuka a gabansu, ban ɓoye ba. Ban tuna ranar da na yi farin ciki irin na wannan yammacin ba.

Har nan kowa ya sani. Abin da ke gaba ni da Innarku kawai muka sani.

Washegari da safe na sa Nura ya turo min hoton tseren, don in more kallon yadda na wuce samarin nan. Da na zo wurin kifewar sai hannuna ya je ga maɓallin maimaici, tun da na saba. Na tafiyar da shi a hankali. Ga motar Nura ta tashi. Ga ta ta karkace, duk direba ya san daga nan ba ta dawowa. Ga motata tana tafe, tana tafe, fitilar birki ba ta kama ba. Sai can ta kama, kuma kafin in tsaya gabana ya daki bayan tasa. A cikin hayaniyar ba wanda ya lura, ni ma ban lura ba. Na mayar baya na sake kallo, na sake, ya fi sau goma. Da wani ne a talabijin, da tuni na ce ya makara. Na kashe wayar na ce wa kaina ai da ƙafa ake taka birkin gaske, ba da yatsa ba, kuma ƙafata lafiyarta lau. Amma can ƙasan raina na san saƙon daga kai ɗaya yake fitowa.

Bayan kwana biyu na yaye tamfol, aka sa batir, na ce wa Innarku ta shirya mu je Samnu sayen dabino. Kada ku tambaye ni daɗin da na ji da injin ya kama. Na rera mata waƙoƙin tasha duk hanya, tana cewa in kalli gabana. Muka sayi dabino a lambun wani tsohon abokina, muka ci abinci, muka juyo da rana tsaka. Kusa da Zighan akwai wata kwana da itatuwa suka rufe, muna shan ta sai ga mota a gefen hanya, an ɗaga murfin injin, mai ita yana tsaye. Idona ya gan ta, zuciyata ta ce tsaya, amma sai da muka gota ta da tsawon mota uku sannan ƙafata ta sauka. Na sa giyar baya na koma. Ruwa kawai yake nema, na ba shi jarka muka rabu. Mun yi tafiya mai nisa, sannan Innarku ta yi magana, idonta yana kan hanya.

"Malam, shekara talatin ina zama a gefenka. Ban taɓa ganin ka koma da baya don ka tsaya wa mutum ba."

Na ci gaba da tuƙi. Ina ta ganin wannan motar a raina, amma ba a gefen kwalta ba, a bayan tudun yashi, a tsakiyar hanya, mutane zaune a inuwarta, ni kuma na fito da mutum ashirin a baya. Na san irin wuraren, na san sunayensu, na taɓa taimakawa an binne mutane a biyu daga ciki. Kafin mu shigo Sabha na riga na yanke shawara, kuma ba wanda ya sa ni.

Kai kuwa Sani, ka dawo bayan sati, ka sauka a tasha ka tarar hoton tseren yana yawo a wayoyin direbobi, suna tarbarka da hon sau biyu suna tambayarka ko tsohonka ya ba motar talabijin ruwa. Ka shigo gida ranka a ɓace. Ko ruwa ba ka sha ba na miƙa maka makullin na ce motar ta zama taka, ka bar tuƙa ta mutane. Ka dube ni, ka dubi akwatin wasan a kan tebur.

"Ita ta sa ka?"

Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, a'a. Sai na yi gum. Ya fi min sauƙi a ce 'yata ta fi ƙarfina a kan a ce direban da ya yi shekara talatin bai kashe ko akuya ba yanzu ya fara makara. Ka ɗauki shiruna amsa. Ka tafi gidan yayarka ka faɗa mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba, cewa ta mayar da ubanta yaro, ta kai shi an yi masa dariya, sannan ta ƙwace masa sana'a. Ba ta kare kanta ba. Daga baya Innarku ta gaya min dalili. Tun ranar gasar Uwani ta ga abin da na gani, don ta maimaita hoton tun kafin in iso gida. Duk da haka ta sa makullin a faranti, saboda alkawari ne, kuma ta ce ta san Baba, idonsa a kan hanya ya fi nata, in ya gani da kansa zai yi abin da ya kamata. Da ka zo mata da faɗa ta gane ban faɗa maka ba, sai ta ɗauki laifin ta rufa min asiri. Shekara uku tana ɗauke da shi, ni kuma ina kallo.

Kada ku ɗauka ina zaman baƙin ciki. Hannun nan yanzu yana riƙe kofin shayi, yana jan carbi, yana ɗaura rawani. Na sa an mayar da birki hagu, inda yake tun asali, kuma kullum yatsan yana samun aikin yi. Nura ya yi gaba zuwa arewa neman aiki, amma duk Juma'ar da layi ya yi kyau sai mu haɗu a hanya ɗaya, shi daga can, ni daga nan, in ji muryarsa yana cewa Baba, yau ba tsayawa. Yarinyar nan mai shuɗiyar mota har yanzu ina bin ta, bara ta sha da kyar a hannun Gajere, na yi ihun da ya sa Innarku ta fito da ludayi. Samarin gidan gem kuma sun ɗauki wata al'ada, in sun wuce wanda ya kife sai su danna hon sau biyu. Da zolaya suka fara, yanzu sababbin zuwa suna yi ba su san mafarinsa ba. In ka kira ni daga Dirku kana tambayar yanayin yashi bayan iska, in faɗa maka ta inda za ka hau, ka dawo ka ce haka ne, ina jin har yanzu ni direba ne. Wasan da kake jin kunyarsa shi ya dawo min da hannuna, shi ya kuma nuna min lokacin sauka tun kafin in ɗauki ran wani. Yayarka ce ta kawo shi gidan nan cikin kwali.

To, Sani. Direbobi suna kawo min labarinka, suna cewa ɗan Shibani ba ya wuce kowa, ko da kuwa saura jarka ɗaya gare shi. Ina jin daɗin wannan fiye da yadda nake nunawa. Amma gidan Uwani yana kan hanyarka ta zuwa tasha, ƙofa mai koren fenti, kuma shekara uku kana wuce ta a cikin motar da ita ta adana maka makullinta. Laifin nawa ne, ni na makara, yau ga shi na sa giyar baya na dawo. Kai ƙafarka lafiyarta lau. Gobe in ka zo daidai ƙofar, ka taka birki, ka danna hon sau biyu. Na san ta, za ta fito da ruwa.